Tankin Jego

Fagge, Kano
11 ga Maris, 1974

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Halliru da baƙon da ya sauka. Ina gajiyar suna? Yaya jiki, yaya ruwan zafi? In kin tambaye ni, ina nan yadda kika san ni, baki yana aiki, sauran jiki yana lallaɓawa.

A bayan ambulan na rubuta Malama Saude, don direban motar Gwiwa bai san wata Uwata ba. Allah ya yafe mini. Ni na sa wa 'yata sunan mahaifiyata, ni kuma na hana kaina kiran sunan, shekara ashirin ke nan ina kewaye shi kamar mai kewaye kududdufi.

Barka da arziki. An ce namiji ne, an kuma ce duk faɗin ƙasar Kazaure Halliru ya rasa sunan da zai sa masa sai nawa. Ki ce na gode, amma ya taimaki yaron ya wuce aji uku. Sama'ilu Aji Uku guda ɗaya ya ishi duniya. Na kuma ji tun bai buɗe ido ba ya ƙwace mini mata, Tasalla ta rufe gidana na Roni ta tare a wurinku, wai wanka take yi miki. Ki gaya wa ɓarawon ina nan zuwa, mu yi ta ta ƙare.

Ban zo suna ba don helluma, shugabanmu na leburori, ya hana hutu. Zafi ya shigo, kuɗin mai ya sa wa mutanen Kano ƙishirwa, mu 'yan kamfanin lemo ba mu da sukuni. Har tsofaffin tankunanmu an fitar watan jiya, an kawo manya daga Turai.

Abin da ya tsaya mini a wuya cikin takardarki maganar ruwa ce. Kin ce rijiyar bakin kasuwa ta ƙafe, ta ƙofar dagaci sai laka, har sai Tasalla ta tace ruwan wankanki da ɗankwali. Ba na son tuna miki, amma irin wannan ruwa ne ya ɗauke mana ɗanki na fari Abu bara da gudawa, bai cika wata biyar ba. Saboda haka na yi murna da jin hukuma za ta riƙa aiko motar ruwa daga Kazaure, za a kuma kafa muku tankuna biyu.

Murnar ta rage da na ga sunan ɗan kwangilar. Na san Lauwali. A ƙofar bayan kamfanonin Bompai yake yini, yana sayen abin da aka yar. Mutum ne da zai sayar maka da mataccen jaki ya ce maka barci yake yi, kada ka tashe shi sai ka isa gida. In tankunan sun iso, ki sa Halliru ya duba mini su sosai: launinsu, a tsaye suke ko a kwance, mene ne a cikinsu, wane wari suke yi. Ki rubuto ba tare da kin rage komai ba.

Kano kuwa tana nan tana wari. Kwatar da ke bayan aikinmu ran Litinin shuɗiya ce, ran Laraba ja, ran Juma'a kuma launin da ko marina ba su san sunansa ba. Awaki suna sha, mu muna cin awakin. Abokina Barnabas, wanda ya kawo miki kwanonin tangaram ranar aurenki, yana gaishe ki. Tari ya kwantar da shi.

Ki sha kunun kanwa da yawa. Ki gai da Tasalla, in sabon mijinta ya yarda.

Ni ne ɗanki kuma ubanki,
Sama'ilu Aji Uku

*

Fagge, Kano
19 ga Maris, 1974

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya takwarana, cibiya ta warke? Allah ya raya shi. Yau gaisuwar gajera ce, ki yi haƙuri.

Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, abincin rana ya fita daga raina. Kin ce tanki ɗaya fari ne, a kwance kan ƙafa huɗu, da lamba goma sha huɗu a goshinsa, kuma da aka buɗe shi warin giya ya bugi mutane, suka yi ta tofar da yawu, matasa suka mirgina shi bayan gari wajen juji. Kin ce ɗayan kore ne, a tsaye, fenti sabo fil, cikinsa shafe da baƙar roba, da rami a tsakiyar murfinsa. Shi aka zaɓa, shi magina suke yi wa dakali a gaban makarantarku.

Ki saurare ni da kyau, wannan ba raha ba ce. Kada ruwan koren tankin nan ya taɓa jikinki, ko bakin yaron, ko tukunyar kunu.

Kin san shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai na zo Kano, na yi shekara huɗu a kamfanin haɗa maganin ƙwari da maganin jima kafin in canja aiki. Irin wannan tanki shi ne abokin aikina. Ramin da ke murfinsa wurin muciya ne, muciyar ƙarfe da inji ke juyawa. A zuba ruwa, a zuba wani gari, a ƙara wani abu mai kama da mai, muciya ta yi ta tuƙi, Bature yana duba agogo, don ba a kwashewa sai sun zauna tare sun ratsa juna. Tuwon Iblis muke ce masa. Robar an sa ta ne don kada abin ya cinye ƙarfen. Ki duba fa, abin da ƙarfe ke tsoro! Ita kuwa roba shan abu take yi, kamar sabuwar tukunyar ƙasa. Shekara goma tana sha. Ko matan Gwiwa duka sun taru sun wanke ta da toka da sabulun salo, in ruwa ya kwana a ciki rana ta gasa shi, sai ta amayar da abin da ta sha.

Kin sha tambayata tun kina ƙarama me ya sami farcena na hannun dama, na ce miki kura ce ta yi mini yankan farce. Ba kura ba ce, wankin irin wannan tanki ne. Ni na gudu da farce biyar. Barnabas ya ƙara shekara shida a wurin, yanzu ba ya iya hawa matakala uku bai tsaya ba, fatar hannunsa kamar bayan kada. Jiya na karanta masa takardarki, ya yi tari har na yi nadamar karantawa, sannan ya ce a gaya wa mijinki ya leƙa tankin da tsakar rana, in ya ji warin tafarnuwa ƙarƙashin warin fenti, to shi ne.

Fentin kuwa na Lauwali ne. Allah wadaran fentin da ya fi ran mutane daraja.

Shi farin da aka kai juji, ku sa a dawo da shi. Ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ba ya shan komai, in an wanke shi yadda ya kamata babu randa a ƙasar Kazaure da ta kai shi tsabta. Kada ki tambaye ni inda na sani. A Kano mutum yana jin abubuwa.

Halliru ya je wurin dagaci gobe-goben nan, ya kai masa wannan magana da sunana. Kafin nan Tasalla ta ci gaba da tace lakar nan, ta tafasa ta sosai. Laka ta fi.

Naki,
Sama'ilu

*

Fagge, Kano
25 ga Maris, 1974

Uwata,

Ina gaisuwa. Ina fatan ke da yaron da kowa kuna lafiya. Wannan takarda kada ki karanta ta da ƙarfi. In Tasalla ta tambaya, ki ce ina ƙorafi kan tsadar goro.

Na ji amsar dagaci, kuma ban ga laifinsa ba. Wai da Halliru ya ambaci sunana sai ya tambaya ko ni ne wanda a bikinki na gaya wa dattawa cewa a Kano akwai injin da ake zura akuya ta nan, tsire ya fito ta can da yajinsa. Aka yi dariya. Wai kuma mai aikin lemo me ya sani game da tankin giya da har zai wanke shi da baki daga Kano? Shi kuma Lauwali ya rantse koren sabo ne. Shekara talatin ina sayar da ƙarya kyauta don a yi dariya, yau na kawo gaskiya kasuwa babu mai taya ta. Kin ce dakali ya bushe, ran Asabar motar ruwa za ta zo.

To, ga abin da dagaci bai sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ba a yin lemo a kamfaninmu. Giya ake yi. Shekara tara ke nan ina aiki a gidan giya, kuma aikina shi ne wanke irin farin tankin da kuka kai juji. Ba irinsa ba ma, shi kansa.

Bari in gaya miki aikin, tunda na fara tsiraici gara in ƙarasa. In an dafa tsiro an sa yis ya yi aikinsa, abin da ke fitowa ɗanyar giya ce, mai gauraye, mai warin da ko masu shanta ba sa so. Sai a tura ta cikin waɗannan tankuna a wani ɗaki mai sanyin ƙanƙara, a rufe, ba mai taɓa ta sati uku ko huɗu. A nan take kwanciya, dattin ya sauka ƙasa, warin ya lafa, ta yi haske, iskar da ke sa ta kumfa ta shige ta. Turawa suna da sunansu, mu leburori tankin jego muke ce masa, don ita ma ba ta fita sai ta cika kwanakinta. Ki yafe mini wannan, ba ni na raɗa ba.

In an kwashe ta sai a kira ɗan Roni. Ƙofar tankin ba ta fi bakin rumbu ba. Kafin in shiga sai in zura kyandir a kan sanda, in ya mutu to iskar ciki za ta kashe ni, sai a jira. In ya rayu in cusa kai in bi da sauran jiki, da kwat biyu, alhali a waje kwalta tana narkewa. A ciki lakar yis ce har idon sawu, kamar kunun da ya kwana uku wani ya yi amai a kai. In kwashe ta da shebur, in goge bango da soda da burushi, in ɗauraye da ruwan zafi, in ɗauraye da na sanyi. Sannan wani mai farar riga ya zo ya shafa auduga ya tafi da ita ɗakin gwaji, in ya ga ƙwayar halitta ɗaya wadda ido ba ya gani, in koma. Ni da ban taɓa wanke kwanon da na ci tuwo a gidan ubana ba, an ce duk kamfanin babu mai wanki irina. Wannan ita ce sarautar da na samo a birni.

Wallahi ko ɗigo bai taɓa wuce leɓena ba. Amma ba zan yi miki burga da wannan ba, don warin ya wuce leɓe, ya shiga gashi, ya shiga ƙarƙashin farcen da ya rage. Kullum sai na yi wanka na canja kaya kafin in yi salla, kuma kullum ina sallame sallar ina shinshina hannuna. Mu Musulmin wurin mun kai ashirin, in mun haɗu a masallacin Juma'a kowa sai ya duƙufa neman takalminsa. Ba zan ce don karatunki na yi ba, kada in ɗora miki kayana. Farcena ne ke zuba, aka ce ga aikin da ba ya cin hannu, na shiga da niyyar wata shida. Ciki ya saba, ni kuma rago ne.

Na san za ki ce wannan ma wani injin tsire ne. To ki aiki Halliru juji, ya durƙusa ya duba ƙafar baya ta hagu, ta ciki. Ranar da labari ya zo kin ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai, ina cikin ɗakin sanyin nan, ba ni da wanda zan gaya wa. Na ɗauki ƙusa na rubuta sunanki da shekarar, 1968. Harafin farko ya juya baya, irin wanda kika sha gyara mini. Sunan da bakina ke jin nauyin faɗa, sunan uwata, hannuna ya kafa shi a ƙafar tankin giya. Duk abin da na wanke a shekara tara bai ba ni ƙyama kamar wannan ba, yau da nake rubuta shi.

Ran Alhamis zan taho, da hutu ko babu hutu. Abin da na gaya miki zan faɗe shi a gaban mutanen Gwiwa, don ba za su yarda da wankin ba sai sun san mai wankin. Na fi so ki ji daga hannuna kafin ki ji daga bakin mata.

In har yanzu kin yarda,
Ubanki Sama'ilu

*

Zauren gidan Halliru, Gwiwa
2 ga Afrilu, 1974

Uwata,

Ina kwana? Yaya jiki, yaya yaron? Ina jin kukansa daga nan, muryar tawa ce, Allah ya kyauta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu amma ga ni ina rubuta takarda, don kwana biyar ke nan ana ce mini mai jego tana barci. Ban san jego yana zuwa da barci haka ba. Ban yi fushi ba. Tunda ba ki fita, ga yadda aka yi, kada ki dogara da ruwayar maƙwabta.

Kin dai ji na sauka daga mota da garwa a ka. Tarwaɗa huɗu ne a ciki, na saye su wurin masunta a Kazaure. Mutanen kasuwa suka ce Aji Uku ya kawo wa jikansa abokan wasa.

Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci. Tun kafin in buɗe baki wasu suka fara murmushi, suna jiran sabon inji. Na faɗa musu inda nake aiki da abin da nake wankewa. Ban taɓa ganin dariya ta mutu a fuska da yawa lokaci guda haka ba. Wani tsoho ya tofar da yawu ya sauka dab da ƙafata, ban matsa ba, na ga ya fi ni gaskiya. Wanda ke kusa da ni a sahu ya shiga kakkaɓe hannun rigarsa. Baffan Halliru ya ce tun yaron bai san sunansa ba gara a sake yanka rago a canja masa. Halliru ya sunkuyar da kai. Lauwali kuwa bakinsa ya buɗe, wai ga shi nan, mashayi ne zai koya wa Musulmi tsarki. Na ce masa ni dai dattin da na taɓa ina wanke shi, ban taɓa shafa masa fenti ba.

Liman ne ya tsayar da hayaniyar, Allah ya saka masa. Bai dube ni ba, amma ya ce maganar mai zunubi daban, maganar ƙarfe daban. Ya ce a littafi, abin da ba ya tsotsa, kamar ƙarfe da tangaram, wanki yana tsarkake shi, abin da ya tsotsa kuwa ba ya komawa. Na ce Allah gafarta malam, abin da Bature mai farar riga yake faɗa ke nan, sai dai shi da auduga. Bai yi dariya ba. Da na gaya masa zan gwada ruwan tankunan da tarwaɗan nan, ya ce kada kowa ya ɗebi ruwa a ko wanne tanki sai an ga ƙarshen kifayena.

Ran Asabar mota ta zo. Matasan da suka mirgina farin tankin zuwa juji su suka mirgino shi, suna toshe hanci. Na kunna kyandir na zura, mata daga nesa suka ce tsafi ne. Na cire riga na shiga a gaban garin surukaina, tsoho da tumbi, ta ƙofar da ba ta fi bakin rumbu ba, na maƙale a tsakiya sai da aka turo ni. A nan dariyar ta dawo, amma ba irin wadda na saba ba. Awa huɗu na yi a ciki, wannan karon babu ƙanƙara, sai ka ce tanda. Mutane suna ta ƙorafi ina ɓarnar ruwa a shekarar fari.

Ruwan zafin Tasalla ce ta dafa, a tukunyar wankanki, ba wanda ya sa ta. Da ta miƙo mini bokiti na uku na ce mata ta yafe mini. Ta ce in rufe mata baki, ita ta taɓa shan lemo, ba haka yake wari ba, shekara tara tana wanke kayana daban a bayan ɗaki tana jiran ranar da zan gaji da ƙarya. Ashe duk Roni ni kaɗai na yarda da labarin lemon nan.

Aka raba sauran ruwan gida biyu, na saki tarwaɗa biyu a kore, biyu a fari. Ran Lahadi bayan azahar dagaci da kansa ya hau tsani ya leƙa. Kin san tarwaɗa, kwana uku suka yi a garwa suna cin ƙaniyar juna ba abin da ya same su. Na koren sun juya ciki sama, bakinsu a buɗe, jikinsu ya yi fari-fari, ruwan yana warin tafarnuwa. Na farin suna ta iyo kamar an ba su gari. Dagaci ya sauko ya nemi wuri ya zauna. Wata mata ta fashe da kuka, ashe ta yi niyyar satar tulu ɗaya da safe, tsoron Liman ya hana ta.

Lauwali ya ce ba komai, zai ɗauke kayansa ya kai Babura inda mutane ba su da tsirfa, ko ya sayar wa mutanen Nijar. A gaban kowa ya faɗa, ko kunya. A nan ne dagaci ya miƙe, ya kira maƙeri, aka huda gindin koren wuri bakwai, aka haƙa rami nesa da rijiyoyi ruwan ya tsiyaye, aka binne kifin tare da shi don kada karnuka su ci.

Tun jiya ake ɗiba a farin. Ruwan da kika yi wanka da shi yau daga nan yake, na ga Tasalla ta wuce da shi garau, ba ɗankwali. Wannan ya ishe ni. Ba mai cin abinci kwano ɗaya da ni, almajiran Liman ma sun daina gaishe ni, amma na saba cin abinci ni kaɗai.

Gobe zan koma Roni. Abu ɗaya nake roƙo: na ari magagari wurin maƙeri, in kin ba da izini in goge sunan nan daga ƙafar tankin kafin 'yan makarantarki su gano shi. Maganar canja wa yaron suna kuma, kada ku ji nauyina.

Mai jiran amsa ta bayan katanga,
Sama'ilu

*

Roni
9 ga Afrilu, 1974

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki? Saura kwana biyu arba'in, Allah ya kai mu, ki huta da ruwan zafi, itatuwan Gwiwa su huta da Tasalla.

Ɗazu da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina hira da kaji, don su kaɗai ba su ji labari ba, sai ga Halliru a kan babur, da langa ɗaure cikin ɗankwalinki a bayansa. Rabin kunun ya zube a hanya, sauran ya yi sanyi. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar da, ya ce Sama'ilu ƙarami yana gaishe ni. Na sa ya maimaita, na ce kunnena ya toshe tun da na shiga tanki. Ya maimaita.

Na tambaye shi takarda, ya ce babu. Na tambaye shi maganar magagari, ya ce kin ce a mayar wa maƙeri kayansa, sunan ya zauna inda yake, amma harafin farko bai ci maki ba. Na karɓi hukuncin, Malama.

Kano ba zan koma ba. Ba wai na zama waliyyi ba ne, na tabbata tuni helluma ya cusa wani a ƙofar. Na rubuta wa Barnabas labarin kifin, don ya san tarinsa ya yi wa wasu amfani kafin 'yan'uwansa su zo su tafi da shi gida. Dagacinku ya aiko cewa duk wata zan riƙa zuwa ina wanke tankin, tunda ba wanda ya yarda ya shiga. An ce yanzu a kasuwar Gwiwa Sama'ilu Tanki ake ce mini. Bayan shekara arba'in na fita daga aji uku.

Kunun kuwa, gaskiya kanwa ta yi yawa, kuma wanda ya dama shi yana fushi, na ji a harshena. Halliru ya ce da hannunki kika dama, da ruwan farin tanki, kin hana Tasalla taɓawa. Na shanye, na sa yatsa na suɗe. Wani abu ya faɗa mini a ido ina cikin sha, ina jin yajin ne.

Ga langarki nan na ba shi ya mayar. Ki duba ta ciki da waje, ki sa auduga in kin ga dama. Ni na wanke ta.

Ubanki,
Sama'ilu